Keke a Layin Motoci

Na-Gidan-Ruwa ake ce masa, har bayan ya ajiye aikin. Shekarun da ya yi yana bin gidajen mutane yana karanta mitar ruwa sun fi waɗanda wasu suka yi a duniya, kuma duk a kan keke ya yi su. Aiki ne na durƙuso. Ka jingina keke da katanga, ka ɗaga murfin ƙarfe, ka jira kyankyasai su watse, ka goge gilashin da babban yatsa, ka karanta. Ba wanda ya taɓa murnar zuwansa. Karnukan garin sun san shi sarai, masu gidajen kuwa ƙeyarsa suka sani, don ita suke tararwa idan sun leƙo. Bai taɓa rage wa kowa ba, bai taɓa ƙara wa kowa ba, abin da ya sa bai tara abokai ba, a ofis ko a waje.

Rashin motarsa ba aƙida ba ce. Bai karanta komai a kan hayaƙi ko lafiyar zuciya ba. Yana saurayi ya sayi keke don shi hannunsa ya kai, ya ga yana kai shi inda za shi, sai bai ga dalilin canjawa ba. Nesa kuwa akwai bas. Ya san bas-bas ɗin garin kamar yadda wasu suka san danginsu: wadda take yoyo idan ana ruwa, wadda kujerar bayanta ke cizon cinya, wadda direbanta ba ya tsayawa, sai dai ya rage gudu ka yi ta kanka. Da aka ba su kuɗin sallama, abokan aikinsa kowa ya nufi wurin masu sayar da tsofaffin motoci. Shi ya canja rufin gidansa, ya sa wa keke sababbin tayoyi. Aka tambaye shi, ya ce mota ciki gare ta, shi kuwa bakunan da yake ciyarwa sun ishe shi.

Mutane ba su karɓi wannan ba. Idan aka ga mai furfura a kan keke, ɗayan biyu ne: ko dai babu, ko kuma akwai amma hannun ya ƙi buɗuwa. Na farko a ji tausayinsa, na biyu a zage shi. Na-Gidan-Ruwa ya samu duka biyun, gwargwadon wanda ke maganar. A wurin ta'aziyya ko wani taron dangi akan nuna masa lungu ya ajiye kekensa, kusa da inda ake wanke-wanke, kada ya ɓata jerin motocin ƙofar gida. Idan an tashi, wani ɗan ƙaninsa ya sauke gilashi ya ce da but ɗin motarsa babu kaya, da ya ɗauke shi har da keken. But ɗin kullum da kaya.

Mai ɗakinsa ta daina hawa bayansa tun suna sabon aure, ranar da ya kauce wa akuya ya juye ta a kwata. Tun daga nan bas take hawa, kuma duk abin da ya faru a gidan, ko gishiri ne ya ƙare, sai ta san yadda ta jawo keken cikin maganar. Amma ita ce ke goge masa sirdi da safe, tana gogewa tana ƙunƙuni.

'Ya'yansu sun watsu, sai autarsu ce a garin, malamar jinya a wani asibiti, aikin da bai san safe ba bai san yamma ba. Mijinta mutumin kirki ne, mai ladabi, ba ya haɗa ido da surukinsa. Yana aiki a wani kamfani can ɗaya ƙarshen gari. Yana da mota, kuma saboda motar ne yake fita tun gari bai waye ba don ya riga cunkoso, ya dawo bayan duhu don cunkoso ya riga shi. Da 'yarsu ta isa shiga makaranta aka duba wanda zai riƙa kai ta da ɗauko ta, sai aka ga a gidan mai motar babu wanda yake da lokaci. Aka tuna da tsoho.

Yarinyar sunan mahaifiyarsa ta ci, don haka bai taɓa kiran sunan ba. Uwata yake ce mata. Ita kuma ta ce masa Tsoho idan tana jin tsiya, Kaka idan tana son wani abu. Ya kai keken wurin mai walda aka ɗora masa 'yar kujera a kan kariya, mai jingina da wurin sa ƙafa, aka rufe gefen tayar da raga. Mai ɗakinsa ta ɗinka matashi, tana cewa ita dai babu hannunta idan aka zubar da 'yar mutane a kwata.

Hanyar da yake bi da ita babu direban da ya san ta. Lunguna ne da ya koya a zamanin aiki: ta bayan masu yankan katako, ta ratsa filin da masu wanki ke shanya, ta bi gefen babban bututun ruwa, ta ɓullo daidai katangar makaranta. Yarinyar takan kifa goshinta a bayansa ta yi ta zuba. Ba ya jin rabin abin da take cewa saboda iska, amma yana jin muryar tana shiga ta haƙarƙarinsa. Wa ya yi kuka a aji, wa ya zubar da abincinsa, me ya sa kunnuwansa suke da gashi, ko shi ma an taɓa haifarsa. Mutum ne da ya ƙare ƙuruciyarsa yana zuwa inda ba a jiransa. Yanzu ga wadda idan ya makara take tsayawa ta riƙe ƙugu. Bai taɓa faɗa wa kowa ba, amma tun da ya bar aiki, zuwan nan da dawowar nan su ne suka sa yininsa ya zama yana da kai da gindi.

Makarantar ta masu hali ce, surukin ne ya zaɓe ta. Tana da babbar ƙofa ta motoci, da wata ƙarama a gefe ƙarƙashin bishiya, inda mai gadi yake miƙa yara ga wanda ya sani. A nan Na-Gidan-Ruwa yake tsayawa, ƙafa ɗaya a ƙasa, tare da wasu 'yan aikin gida. Haka aka yi ta yi tun yarinyar tana rabin aji har ta fara karanta allunan shaguna a hanya.

Sai aka kawo sabuwar shugaba, wadda ta je kwas ta dawo da tsari. Aka toshe ƙaramar ƙofa da bulo, saboda tsaro. Da safe babu matsala, ana iya sauke yaro a bakin babbar ƙofa. Lokacin tashi ne ake tsoron a sace 'ya'yan mutane. Daga yanzu duk mai ɗaukar yaro zai shigo a layi, ya zagaya shataletalen da aka yi a tsakar makaranta, ya tsaya gaban rumfar da yara ke zaune. An ba kowane gida kati mai sunan yaro, a manna a gilashin gaba. Wata malama za ta tsaya da lasifika ta karanta katin ta kira, wata kuma ta kawo yaron ta sa shi a mota ta rufe ƙofa. Ba mai fitowa daga mota, ba mai shigowa da ƙafa. A taron iyaye kowa ya ce tsari ne mai kyau, kuma duk waɗanda suka faɗa sun zo taron ne a mota. 'Yan aikin gidan nan, ba a yi mako ba aka maye gurbinsu da direbobi.

Ranar farko ya zo da katinsa a aljihu, ya tarar da ɗanyen siminti inda ƙofa take. Ya tura keken zuwa babbar ƙofa. Mai gadin, wanda suka daɗe suna gaisawa, ya tare shi da sanda, cikin ladabi.

"Baba, ba a shiga da ƙafa."

"Ba da ƙafa na zo ba."

"To ina gilashin da za ka manna katin?"

"Gilashi aka ce zai ɗauki yaro, ko mai kati?"

Mai gadi ya sosa ƙeya. Ya ce shi dai abin da aka gaya masa layi, duk mai ɗaukar yaro ya bi layi, layin kuwa ga shi can ya faro daga gidan mai. Da wani ne, da ya ɗaga murya, ko ya nemi a kira masa shugaba, ko ya danƙa wa mai gadi wani abu. Shi kuwa ya yi imani cewa doka, ko ta banza ce, idan ka bi ta har ƙarshe ba ta da abin da za ta ce maka. Ya juya keken ya koma har gidan mai, ya huda katin, ya ɗaure shi da igiyar takalmi a gaban keken, ya tsaya bayan mota ta ƙarshe.

Layin motoci ba don mai numfashi aka yi shi ba. Na ciki sun ɗaga gilashi sun kunna sanyi, zafin da suke korowa waje a kansa yake sauka, haɗe da hayaƙin salansa. Layin ya matsa kaɗan, ya tsaya. Keke ba ya tafiyar kaɗan-kaɗan, sai dai ka ja shi tsakanin ƙafafunka kamar mai fama da tunkiya mai taurin kai. Kuma direba ba ya ganin keke a matsayin wanda ya kama wuri. Gibi yake gani. Duk wanda ya zo sai ya sako hancin motarsa gabansa, ba don mugunta ba, don dai bai ga kowa ba. Ranar ya fara layi a baya, ya gama shi a baya. Da ya iso rumfa, yarinyar kaɗai ta rage da malama mai lasifika.

Ya ɗauki darasi. Ya koyi tsayawa a tsakiyar hanya, tayar gaba kusan tana taɓa bayan motar da ke gabansa, kada ya bar ko tafin hannu. Suka yi ta danna masa hon, ya yi kamar da wani suke. Wani ya sauke gilashi ya tambaye shi ko 'ya'yansa ba sa raye ne. Ya ce suna gaishe shi. Cikin 'yan kwanaki ya fara isowa rumfar a kan lokaci, tana cike maƙil da yara. Ya ɗauka nasara ya yi.

Malamar tana da yadda take aikinta: ta kira sunan yaro, ta ƙara da siffar motar, don yaro ya gane tasu daga nesa. Wane, farar mota. Wance, baƙar jif. Da ta zo kansa ta sauke lasifikar, ta sake ɗagawa, ta kira sunan mahaifiyarsa yadda duk unguwar za ta ji, sannan ta ce, "Keke." Ba da wata manufa ta faɗa ba. Keke ne. Rumfar ta kwashe da dariya irin ta yara, wadda ba ta da mugunta kuma ba ta da tausayi.

Yarinyar ta taso da jakarta ta ratsa su, kanta a ƙasa. Malama mai buɗe ƙofa ta tsaya ba ta san abin da za ta buɗe ba, daga baya ta ɗaga ta ta ɗora a kujerar. A hanya ba ta kifa goshi ba. Ƙarfen kujerar ta riƙe maimakon rigarsa. Ya tambaye ta wa ya yi kuka yau, ta ce ba kowa.

Daga bakin mai ɗakinsa ya ji sauran. A aji Keke ake ce mata yanzu. Idan ta miƙe za ta amsa tambaya, sai na baya su fara kwaikwayon ƙarar ƙararrawa. Ya ce yara ne, za su gaji. Tsohuwar ta ajiye tsintsiya ta dube shi.

"Kai ka saba da dariyar mutane, fatarka ta yi kanta. Ita sabuwar fata gare ta."

Ba a jima ba shugaba ta aiko a kira shi. Ta karɓe shi da girmamawa, ta ba shi kujera mai laushi, ta kira shi Baba. Ta ce ita da kanta tana sha'awar masu hawa keke, inda ta yi kwas ma manyan mutane ne ke hawa, abin koyi ne. Sai dai wasu iyaye sun yi ƙorafi cewa feda tana iya karce musu fenti, kuma ana tsoron lafiyarsa a cikin motoci. Don haka, saboda shekarunsa, an yi masa alfarma biyu ya zaɓa: ko ya riƙa zuwa bayan motoci sun gama watsewa, ko ya riƙa karɓar ta ta ƙofar baya. Ya yi godiya. Ya riga ya san yadda yarinyar take zama ita kaɗai a rumfa, da yunwa. Ƙofar bayan kuwa ya zagaya ya duba ta. Nan ne motar shara ke shiga, ga durom-durom jere, ga ƙudaje. Ya tsaya ya kalle ta sosai, ya ga ba wurin da zai karɓi mai sunan uwarsa ba ne.

Ya yi tunanin bas. Bas tana sauke mutum a tsallaken babban titi, daga nan sai ƙafa, ƙafa kuwa ba a shiga da ita. Ya yi tunanin ya ce wa surukinsa a canja makaranta, amma ba shi ke biya ba, kuma ba a yin irin wannan magana da suruki. Ya san abin da zai biyo baya idan ya kai kuka gidan 'yarsa: za a ce tsoho ya gaji, a nemo wata hanya. Shi kuwa ba wata hanya yake so ba.

A gidan man nan akwai wani mai tasi da ke kwana a motarsa da rana, ƙafafu a waje. Na-Gidan-Ruwa ya tashe shi ya yi masa bayani. Zai ajiye kekensa a inuwar mai faci, nan bayan gidan mai. Zai shiga tasi su bi layi, su ɗauki yarinya, su dawo nan ɗin dai, a sauke su. Kullum. Sharaɗi ɗaya: a cire alamar tasi da ke kan rufin motar. Mai tasin ya wartsake, ya sa aka maimaita masa.

"Baba, na ɗauki masu naƙuda, na ɗauki mahaukata, amma ban taɓa ɗaukar mutum daga nan zuwa nan ba."

"To yau za ka fara."

Suka daidaita, fansho ya ji a jikinsa. Washegari Na-Gidan-Ruwa ya zauna a kujerar baya, katin a manne a gilashin gaba kamar na kowa. Karon farko ke nan a rayuwarsa da ya shiga cunkoso a matsayin ɗan gida. Tazarar da zai iya jifa da dutse ya kai, suka yi ta rarrafe a kanta, mai tasi yana kashe mota yana tayarwa don tsimin mai, yana ba shi labarin ciwon bayansa. Babu wanda ya danna musu hon. Mai gadi ya ɗaga musu hannu bai ma duba ciki ba. Malama ta kira sunan, ta ce shuɗiyar mota. Babu wanda ya yi dariya. Babu ma wanda ya ɗaga kai.

Yarinyar ta miƙe tana neman keke, sai ta hango shi a bayan gilashi yana yafito ta. Aka buɗe mata ƙofa, aka rufe. Ta shafa kujerar, ta dube shi, ta dubi ƙeyar mai tasi, ta tambaya motar wa ce. Ya ce tasu ce, daga nan zuwa kwana. Ta yi dariya har da buga ƙafa. Da suka sauka a inuwar mai faci ta hau kujerarta ba gardama, suna shiga lungu ya ji goshin ya sauka a bayansa.

Ya tsara komai, sai abu ɗaya. Bai yi tunanin cewa za a tambaye ta a aji ba, bai kuma gaya mata abin da za ta ce ba. Aka kuwa tambaye ta. Yarinya ce. Ta ce kakanta ya sayi mota, har da direba.

An samu zaman lafiya na ɗan lokaci. Labarai suka dawo: wa ya yi kuka, wa ya ɓatar da takalmi ƙafa ɗaya. Mai ɗakinsa, da ta gano inda fanshon ke zurarewa, ta ce ba ta taɓa ganin mutumin da ya ƙi ciyar da tasa motar ya koma ciyar da ta wani ba, amma ba ta gaya wa autar ba. Mai faci ya fara ajiye masa benci. Mai tasi ya fara kiran yarinyar Hajiya, yana buɗe mata ƙofa da rusunawa.

Gidan mai wuri ne da motoci ke shiga. Wannan kowa ya sani, ban da mutumin da bai taɓa sayen mai ba. Wata rana suna sauka, wata doguwar mota ta ratso ta tsaya a sa mata iska. A kujerar bayanta akwai yara daga ajin yarinyar. Suka ga an ɗaga ta an ɗora a kan keke. Suka ga direban kakanta ya ciro alamar tasi daga ƙarƙashin kujera ya mayar kan rufi, ya fara kiran fasinja. Ba su yi dariya ba. Hancinsu suka manna a gilashi, suna kallo da natsuwar waɗanda suka samu abin kaiwa gobe.

Washegari ta fito daga rumfa idanunta a kumbure. Da suka sauka daga tasi ta ƙi hawa keken. Ta saɓa jaka ta kama hanyar lungu da ƙafa, ya bi gefenta yana tura keken. Suka wuce bututun ruwa, suka shiga filin masu wanki.

"Uwata, hau mana, rana na dukanki."

"Da Keke suke ce mini," ta ce, ba ta dube shi ba. "Yanzu Maƙaryaciya suke cewa. Har malama ta ji."

Ya so ya ce mata ba ita ta yi ƙaryar ba, shi ya yi, ita faɗa kawai ta yi. Ya ga wannan ba zai amfane ta a aji ba.

"Ni ban ce ka ɗauko mota ba, Kaka."

"Ai don ke na yi."

"Na sani," ta ce.

Da ta yi kuka ko ta zage shi, da ya fi masa sauƙi. Haka suka tafi har gida, keken a tsakaninsu, babu mai hawa.

Ƙarshen makon autar ta zo, cikin kayan aikinta. Mijin ya tsaya a waje cikin mota, don kunya, bai kashe injin ba. Ta zauna a bakin gado ta gaida uban sosai, ta tambayi gwiwarsa, ta tambayi tarin da ta ji yana yi. Sannan ta ce sun yi magana da maƙwabcinsu, wanda direbansa ke ɗauko 'ya'yansa daga makarantar, akwai wurin mutum ɗaya. Da safe ma haka, tun da dai direban can za shi. Ta ce hayaƙin nan ba shi da kyau ga mai shekarunsa, titunan ma sun lalace, kowa yana magana. Ba ta ambaci tasi ba, bai kuma tambayi wanda ya gaya mata ba.

"Baba, lokaci ya yi da za ka huta."

"Ita ta ce?"

Autar ta dubi ƙasa. "Ba ta ce komai ba. An tambaye ta, ba ta ce a'a ba."

Ya ce to. Ya ce Allah ya yi musu albarka, ta gaida mijinta. Mai ɗakinsa, wadda ba ta taɓa barin wata dama ta wuce ba tare da ta soki keken ba, ta tashi ta shiga kicin ta yi ta buga tukwanen da babu abin da suka yi mata.

Ba a bar shi haka kawai ba, an ba shi aiki. Gidan mai motar har yanzu babu mai lokaci, direban maƙwabci kuma ba zai sauke yarinya a ƙofar da babu kowa ba. Sai aka ba tsoho makulli. Kullum idan rana ta karkata yakan hau kekensa ya tafi gidan 'yarsa, ya buɗe, ya zauna a kujerar roba a bayan get yana jira. Jiran yana da tsawo, don motar sai ta fita daga layi ta shiga cunkoson babban titi, ta biya ta sauke wani yaro a wata unguwa. Idan ta iso, hon ne ke sanar da shi. Ya tashi ya zare sakata. Sau da yawa yarinyar ta yi barci a jingine da gilashi, sai ya buɗe ƙofar a hankali kada ta faɗo, sanyin motar ya bugi fuskarsa. Ta farka da shatin gilashi a kunci, ta gaishe shi da ladabi, kamar yadda aka koya mata gaida manya. Ya tambaye ta makaranta, ta ce lafiya. Ya ɗauki jakar, ta wuce ciki ta kunna talabijin.

Direban sabo ne a unguwar, ba wanda ya gabatar da su. Ya ga tsoho a kujerar roba, ya ga keke jingine da katanga, ya fahimci abin da kowa zai fahimta. Ya kai ƙara wurin uban gidansa cewa mai gadin maƙwabta nawa gare shi, sai an yi ta danna hon kafin ya buɗe. Maƙwabcin ya gaya wa surukin cikin raha. Surukin ya ji nauyin gyara masa, ganin alfarma ake yi musu, sai ya gaya wa matarsa. Ita kuma ta kawo wa uban maganar a nannaɗe, ta ce ko zai riƙa barin sakatar a zare tun kafin su iso.

Ya ce zai gyara.